Ɗigon Fenti a Kan Fedar Kurciya

Asabar, biyar na yamma

Kurciya ta iso. Jikata ta fari, 'yar 'yata, tana cikin gidana, a ɗakin da uwarta ta girma. Na fara rubuta wannan don in gan shi da idona a kan takarda. Tana gida.

Kawunta ne ya ɗauko ta daga asibiti, inda take kwance tun hatsarin motar da suka yi. Uwarta ba za ta iya ƙara barin aiki ba, kuma likita ya ce a kai ta inda babu hayaniya. Wai gidana ne babu hayaniya! Inna, matata, ta ce ai likitan bai taɓa jin atishawata ba.

Na tare ta a bakin ƙofa na ce, "Wa nake gani kamar Kurciya? An ce kin zama babbar makaɗiya, kin manta da tsoho." Da a da ne, cewa za ta yi, "Wane tsoho? Ni rediyon da ya ƙi mutuwa nake gani." Yau ta dube ni kawai, ta ɗan taɓa hannuna, ta wuce ciki. Ta rame. Akwai ɗinki a gefen goshinta. Amma hannuwanta lafiya lau, na duba, yatsu goma cif. Likita ma ya ce babu abin da ya taɓa su.

Jitarta ta dawo a cikin jakarta, ko ƙwarzane babu. Amfilifayar da na haɗa mata da hannuna, wato akwatin da ke ƙara wa jita sauti, ba ta dawo ba. Ban tambaya ba.

Lahadi, bayan azahar

Ta sha rabin kofin shayi. Ƙofarta a rufe. Amma tana gida.

Talata, goma na safe

Kawunta ya zo da wani kwali. Ya ce 'yan ƙungiyar da take kiɗa da su ne suka aiko, su biyun da aka sallama kafin ita. A ciki akwai wata baƙar na'ura ta ƙarfe, ba ta kai faɗin tiren shayi ba. Feda ake kiranta, wai saboda da ƙafa ake taka ta. Tana da abin takawa uku, maɓallan murɗawa biyar, da ɗan gilashi mai nuna rubutu kamar na waya.

Ya ce, "Baba, amfilifaya sittin ne a cikin nan."

"Sittin?"

"Sittin. Ka sa jita ta wannan rami, ka sa lasifika ta wancan, ka zaɓi wadda kake so, sai ta kwaikwayi muryarta."

Na ɗaga ta da hannu ɗaya. Na ce shekara arba'in ina gyaran rediyo, ban taɓa ganin amfilifaya ɗaya marar nauyi ba, balle sittin. Ya ce, "Ai ba su ne a ciki ba, Baba, kwatancinsu ne." Na ce to madalla, ni ma kwatancina ne a cikin rigar nan, ainihina yana ɗaki yana hutawa.

Ya ƙwanƙwasa mata. Ta buɗe kaɗan, ta dubi kwalin, ta ce, "Kawu, ka mayar musu. Ka haɗa da jitar, ka ba wanda yake so. Na daina."

Maganarta ta farko ke nan tun da ta zo. Kwana uku ina roƙon Allah in ji muryarta.

Kawunta ya dube ni, na yi masa ido. Ya ce motarsa cike take da kaya, sai ƙarshen wata zai dawo ya ɗauka. Motar fayau take, ni na raka shi.

Saura kwana goma sha tara. Yarinyar nan tun tana shekara tara take ajiye jita a gefen katifarta. Na san halinta. In jitar ta fita daga gidan nan, ba za ta sake neman wata ba har abada.

Talata, bayan la'asar

Na kwance bayan fedar da sukudireba. Inna ta kama ni.

"Malam, kayan mutane ne fa."

"Dubawa kawai zan yi."

"Haka ka ce wa agogon bangona."

Babu bawul a ciki, babu taransifoma, ko warin dalma babu. Koren allo ɗaya ne da wasu baƙaƙen abubuwa kamar kashin ɓera. Na mayar da murfin na ɗaure.

Laraba, sha ɗaya na safe

Littafin bayanin fedar shafi arba'in da takwas ne. Ni da na fara riƙe fensir ina da shekara arba'in da uku, a ajin yamma na manya, bayan na rufe shago. Malamarmu takan ce, "Ka sa yatsa a ƙarƙashin kalma, kada ka ɗaga sai ta gaya maka sunanta." Haka nake yi har yau. Tun safe na ci shafi biyu.

Ga dabarata, ban gaya wa kowa ba sai wannan littafi. Na fito da jitar daga jaka. Na ɗauko wata ƙaramar lasifika cikin ragowar kayan shagona. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, daidai ƙofar ɗakinta. Ban iya jita ba ko kaɗan, kuma nan ne dabarar take. Kurciya tana jure yunwa, tana jure zazzaɓi, amma ba ta jure ta ji ana ɓata kiɗa. Tana 'yar shekara shida ta shiga gidan maƙwabta ta kashe musu rediyo don kaset ɗinsu yana ja.

Alhamis, tara na safe

Na kunna fedar, na harɗe hannu ina jira. Inna ta ce, "Me kake jira?" Na ce ta yi zafi tukuna. Duk amfilifayar kirki sai an ba ta minti goma. Bayan minti goma na taɓa bayanta, sanyi ƙalau kamar randa.

Na buga tsirkiya, shiru. Na sake, shiru. Ashe kebul ɗin jita na sa a ramin lasifika. Da na sauya, ban lura duk maɓallan a ƙure suke ba.

Inna ta yar da murfin tukunya. Tela maƙwabcinmu ya leƙo ta saman katanga da almakashi a hannu.

"Malam, lafiya? Injin niƙa kuka sayo?"

"Kiɗa nake koya."

"A wannan shekarun?"

"Da wasu na ajiye ne?"

Ya ce Allah ya ba maƙwabta haƙuri. Na ce amin. Ƙofarta ba ta motsa ba.

Juma'a, bayan magariba

Ba ta ci ba.

Asabar, huɗu na yamma

Mahaifiyar mai ganga ta zo. 'Yarta da Kurciya tun suna aji ɗaya suke tare, ita ce take kaɗa musu ganga a ƙungiyar. Ita ce ta rasu a hatsarin, Allah ya jiƙanta. Na ɓoye jitar a bayan labule kafin ta shigo. Ta zauna da Inna. Ta kawo wa Kurciya lemo a leda. Da za ta tashi ta ce a gaya mata ba ta riƙe kowa a zuciya ba, abin da Allah ya rubuta ne. Ta ɗan ɗaga murya da ta faɗi haka, tana fuskantar ƙofar.

Ƙofar ba ta motsa ba.

Da katako mai kauri na yi amfilifayar nan. So na yi ta daɗe. Mutum biyu ke ɗaga ta. A kujerar baya suke ɗora ta in za su tafi wasa wani gari, kuma ba sa ɗaure ta. Ban san dalilin da ya sa na rubuta wannan ba.

Yau ban kunna feda ba.

Litinin, uku na yamma

Na kai shafi na goma sha ɗaya. In ka taka abin takawa na dama, lamba tana hawa a gilashin, murya tana sauyawa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da tsirkiya mai kauri, ita kaɗai nake iya bugawa.

Lamba bakwai sauro ce. Ashirin da uku babbar mota ce tana hawan tudu da kaya. Arba'in da ɗaya tana maimaita maka abin da ka buga, kamar ka yi magana a cikin rijiya. Inna ta ce sha biyu ta fi daɗi, wai tana tuna mata rediyon da na ba ta kafin aurenmu. Na ce wannan rediyon ai ba ya kama tasha ko ɗaya. Ta ce ta sani, ai ba don tasha ta karɓa ba.

Sai na tsaya a kan ashirin da uku, na ƙure maɓalli na biyu, na yi ta bugawa har azahar. Ni kaina kunnena ya yi tsami.

Lemon nan yana nan a bakin ƙofa, a ledarsa.

Talata, sha biyu saura kwata

Allah mai iko! Bari in rubuta shi daki-daki kada wani abu ya ɓace mini.

Ina cikin gurnanina sai na ji daga bayan ƙofa, "Kaka."

Na yi kamar ban ji ba. Na ƙara bugawa.

"Kaka! Na biyun. Ka mayar da shi baya."

"Wane na biyu?"

"Maɓalli na biyu. Ka ƙure shi. Shi ya sa take kuka kamar an taka kyanwa."

Na murɗa na uku, da gangan.

"Na biyu na ce!"

"Ido ya tsufa, Kurciya. Daga wane gefe ake ƙirgawa?"

Na ji ƙarar sakata. Ta fito, gashi ba gyara, tana ƙifta ido don hasken rana. Ta durƙusa, ta murɗa na biyu baya, ta murɗa na uku ya koma inda yake, ta taɓa wani abu, sai muryar ta washe kamar an share gilashi. Ta miƙe za ta koma, sai ta tsaya.

"Wa ya ce ka taɓa jitata?"

"Kin ce a ba wanda yake so. Ni nake so."

Ta dube ni. Na rantse gefen bakinta ya motsa. Ta ɗauki ledar lemon ta shige.

Na shiga kicin na gaya wa Inna, ko da yake duk a kan idonta aka yi. Ta ce in zauna kada in faɗi. Na kira uwar Kurciya a waya, na kira kawunta, har tela na gaya wa ta saman katanga.

Laraba, bayan la'asar

Ta fito ta zauna a bakin ƙofa, nesa da jitar. Ta ce tunda na dage sai na kashe mutanen unguwa, gara ta koya mini in kashe su a hankali.

Ga abin da na koya. Da farko ka taka abin takawa biyu tare, wata allura ta fito a gilashin, ka ɗaure tsirkiya ko ka sassauta har allurar ta tsaya a tsakiya. Bayan nan ka zaɓi amfilifaya. Sannan ka zaɓi akwatin lasifikar da za ta yi magana ta ciki. Sannan ka zaɓi ɗakin da za a ajiye ta, ƙarami ko babba ko mai tayil. Na ce har da ɗaki a ciki? Ta ce har da zaure. Na ce a tambaya mini ko akwai na haya.

Ba ta yi dariya ba, amma ta ce, "Tsoho, ka yi shiru ka buga." Ta ce mini Tsoho. Rabon da in ji wannan tun kafin hatsarin.

Alhamis, takwas na safe

Ta ci burodi biyu da ƙwai. Biyu!

Juma'a, biyar na yamma

Yatsana ya yi ƙulli. Ta ce haka ake farawa. Ita ke murɗa maɓallai, ni ke bugawa. Sau biyu na miƙa mata jitar kamar hannuna ya gaji, sau biyu ta ɗauke kai.

Na tambaye ta, "Cikin sittin ɗin nan, akwai tawa?"

Ta dubi gilashin. Ta ce, "Babu."

"Ai na sani. Su ba su san ni ba."

"Amma ana iya kusantarta."

Na ce mu gwada gobe. Ta ce to, a hankali. Na ji daɗi ƙwarai. Ina ganin in ta ji muryar da ta saba da ita, hannunta zai tuna da kansa.

Saura kwana tara.

Asabar, shida na yamma

Yau ranar farin ciki ce.

Tun bayan karin kumallo muka zauna. Amfilifayata tana da wata murya da babu irinta, ɗan gurnani a ƙasa da ɗan dishi-dishi a sama, kamar mai mura yana waƙa. Dalili kuwa, takardar lasifikarta ta taɓa yagewa, na liƙe da gam da ƙyallen tsohuwar rigata. Shi muka yi ta nema. Ta shiga nan a cikin gilashin, ta fita can, ta murɗa, ta ce buga, in buga, ta girgiza kai, ta sake murɗawa. Inna ta kawo abinci, ya huce a gabanmu. Wani lokaci ni ke cewa, "A'a, wannan ta cika tsabta, tawa ba ta taɓa wanka ba."

Ana gab da la'asar na buga, sai muka dubi juna. Ita ce. Inna ta leƙo daga kicin ta ce, "La ilaha illallahu."

Kurciya ta miƙo hannu. Na ba ta. Ta ɗora jitar a cinya, ta buga. Bai kai minti ɗaya ba, amma ta buga, da yatsunta goma, a tsakar gidana. Sai ta tsaya cak, ta waiwaya bayanta, ta ajiye jitar a kan tabarma ta shige ɗaki. Gajiya ce. Tun safe fa muke zaune.

Ni kuwa na yi abin da ya kamata. Shekara arba'in, duk rediyon da na daidaita, sai na ɗiga masa fenti a kan maɓalli don kada mai shi ya ɓata mini aiki. Na ɗauko farin fenti da tsinken ashana, na ɗiga wa kowane maɓalli ɗigo ɗaya, na ɗiga wani a jikin ƙarfen daidai da shi. Biyar, tsaf. Yanzu ko wa ya murɗa, zan iya mayarwa. Na bari ya bushe, na kashe fedar, na lulluɓe ta da tawul.

Gobe za ta tarar da muryar tana jiranta.

Lahadi, bakwai da rabi na safe

Babu muryar.

Lahadi, sha ɗaya na safe

Ɗigo yana kan ɗigo, duk biyar ɗin. Na duba da tabarau, na duba babu tabarau. Na buga, sai ga babbar motar nan tana hawan tudu. Na kashe na kunna sau shida.

Na fita waje na kira kawunta.

"Baba, ka adana kafin ka kashe?"

"Na lulluɓe ta da tawul."

"Ba wannan ba. Akwai wani ɗan jan madanni a gefe. Sai an danna shi an riƙe, sannan take riƙe abin da aka yi."

"Na sa fenti."

"Ka sa me?"

Na yi masa bayani. Ina ji yana danne dariya, ɗan banza. Sannan ya ce maɓallan nan biyar ba aiki ɗaya suke yi ba. Duk inda ka shiga a cikin gilashin, aikinsu ya sauya. Na biyun da ke ƙara gurnani a nan, shi ke faɗaɗa ɗaki a can. Ya ce, "Wuri nawa ta shiga jiya?" Na ce ban ƙirga ba. Ya ce, "To ita kaɗai za ta iya."

Na duba littafin. Maganar jan madannin tana shafi na talatin da ɗaya. Ni ina na sha tara.

Litinin, bayan azahar

Ta fito da kanta ta ce, "Ina fedar?"

Kwana goma sha uku ina jiran wannan tambaya. Na ce lasifika ce ta sami matsala, ina gyarawa. Ta ce to. Ta ɗan tsaya, ta koma ciki.

Ban taɓa yi mata ƙarya ba, ko lokacin da za a yi mata allura.

Talata, huɗu na yamma

Na kulle kaina a ɗakin ajiya da feda da abin sawa a kunne. Na shiga ko'ina a cikin gilashin nan. Na samo sauro, na samo rijiya, na samo wata mai kama da jirgi. Tawa babu. Yini guda ta yi tana nemo ta, da ƙyar ta fito daga ɗakin nan don ta nemo ta, ni kuma na share da yatsa ɗaya.

Ba ta fito ba yau.

Laraba, bayan magariba

Inna ta ce, "Malam, ka gaya mata."

"In ta ji ta rufe ƙofa fa?"

"Yanzu a buɗe take?"

Saura kwana huɗu.

Alhamis, uku na yamma

Na ƙwanƙwasa, na ajiye fedar a bakin ƙofa, na zauna a ƙasa kamar mai jiran hukunci. Da ta buɗe na ce, "Kurciya, lasifika lafiyarta ƙalau. Ni ne. Na kashe ban adana ba. Muryar ta tafi."

Ta durƙusa ta dubi fedar. Ta kai yatsa ta taɓa ɗigon farko.

"Mene ne wannan?"

"Alama."

"Kaka, fenti?"

"Mai kyau ne. Ba ya goguwa."

Sai ta fashe da dariya. Ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya, tana nuna ɗigon, ta kasa magana. Ta ce, "Ka yi wa kwamfuta fenti!" Na ce ai ba ta gaya mini ita kwamfuta ba ce. Ta ƙara ƙyalƙyalewa. Ban san daidai inda dariyar ta juya ba. Na dai ga Inna ta taho da sauri ta rungume ta, kafaɗunta suna rawa, irin kukan da ba ta yi a asibiti ba, in ji uwarta.

Da ta lafa ta ce, "Gara da ta tafi. Ranar Asabar da na buga, ji na yi in na waiwaya zan ga ƙawata a bayana tana ƙirga mini da sandunan ganga."

Ni kuma na rubuta gajiya ce. Ga shi nan da rubutuna.

Na ce, "Ni na yi amfilifayar da nauyi."

Ta ce, "Ni na ce a sa ta a baya."

Inna ta share idonta da gefen mayafi ta ce, "To, kun faɗa, an ji. Ku tashi daga ƙasa, na sha wahalar wankin nan."

Muka ci abinci tare, mu uku, a faranti ɗaya.

Juma'a, biyar da rabi na yamma

Da safe na ɗauko jitar zan fara aikina. Ta dubi yatsana ta ce ya kumbura, in kawo. Na ba ta, ina kallon wani wuri, kada ta ga fuskata.

Ba ta nemi tawa ba. Ta zaɓi wata amfilifaya dabam, ta zaɓi akwati, ta zaɓi babban ɗaki. Tana bugawa da hannu, tana murɗawa, tana sake bugawa. Ba ta tambaye ni komai ba. Muryar da ta fito siririya ce, garau, tana daɗewa a iska kafin ta sauka. Keken tela ya tsaya a bayan katanga.

Na ce, "Ba ta yi kama da tawa ba."

Ta ce, "Na sani."

"Ta cika tsabta."

"Za ka saba."

Ta kama yatsana, mai ƙullin, ta ɗora a kan jan madannin ta ce in danna in riƙe. Wata 'yar fitila ta ƙifta sau biyu. Ta ce shi ke nan.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Yanzu cire wayar daga bango."

Na ce a'a. Ta ce in cire. Na ce Kurciya, a bar ta a kunne, ba ta cin wuta. Ta ce, "Kaka, ba za mu zauna muna gadinta ba. Cire."

Na cire. Gilashin ya mutu. Ta ce in ƙirga goma da ƙarfi. Na ƙirga kamar ranar da malamarmu ta fara tsayar da ni gaban allo. Inna tana tsaye da ludayi a hannu. Na mayar. Gilashin ya kawo haske. Ta ɗaga hannu ta sauke a kan tsirkiyoyin.

Tana nan.

Ta ci gaba da bugawa, wata waƙa da ban sani ba, har ƙarshenta. Ba ta waiwaya ba. Da ta gama ta ce in kira Kawu in ce kada ya wahalar da kansa ranar Lahadi. Na laluba aljihu, hannuna ya kasa samun wayar, ina ta murmushi kamar wawa.

Ta ce, "Matsa, Tsoho, ka zauna mini a kan kebul ɗina."

Kebul ɗinta. Na matsa.